Tutar Baba Mai Ƙwallo Biyu

Tun da na dawo daga Guangzhou ban huta da tambaya ba. A shago, a gidan biki, har a layin asibiti: "Hajiya Saude, yaya China? Da gaske ba su san tuwo ba? Kin hau jirgin ƙarƙashin ƙasa?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata in tura mata ta karanta da kanta. Masu jiran labarin jakunkuna kuma ku yi haƙuri, kaɗan ne a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai a tafiyar nan tuta ce.

Na daɗe ina sayar da jakunkunan mata a Kano, amma kullum ta hannun ejan nake saro kaya, ban taɓa zuwa da ƙafata ba sai bana. Da na je yi wa mahaifinmu sallama, sai ya sa ƙanena Sani ya janyo tsohuwar adakarsa daga ƙarƙashin gado.

Baba tsohon sojan ruwa ne, aikinsa kula da tutocin jirgi. Yana saurayi aka tura shi kwas Ingila, aka ajiye shi a jirgin wani babban hafsa, kuma da hafsan ya gama wa'adinsa ya ba shi tsohuwar tutarsa kyauta. Mun tashi muna jin labarin nan har ya gundure mu. A bayan idonsa ma dariya muke yi, wai Bakano da teku. Tutar tana cikin adakar shekara da shekaru, sai daminar bara gara ta shiga ta cinye kusan rabinta. Teloli biyu suka gwada ɗinka masa wata. Na farko ya yi ta da shadda, na biyu da wani yadi mai sheƙi kamar leda. Baba ya shafa su da hannu ya mayar musu.

Idonsa kuma yana tafiya. Likita ya gaya mana a fili cewa ɗan hasken da ya rage ba zai daɗe ba. In akwai rana sosai yana bambance fari da ja, shi ke nan.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa faɗarsa ba, "an ce babu abin da mutanen can ba sa iya yi. Ki sa a yi mini irinta sak, ina so in gan ta tun ina gani. Zauna in yi miki bayaninta."

Na zauna, amma Allah ya sani ban ji komai ba. Waya tana kunnena, mai tikiti yana magana, ni kuma ina ta "To Baba, to Baba." Na naɗe tsumman a cikin zani na jefa a jaka.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan muka sake hawa wani jirgin. Wannan kam tafiya ce. Na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, na farka muna sama. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni, 'yar Gusau, karo na tara ke nan tana zuwa, ita ta koya mini kalmomi uku da ta ce za su ishe ni: "lawban" wato maigida ko uwar shago, "meyo" wato babu, da "shiyeshiye" wato na gode.

A filin jirgin Guangzhou na fara shan kunya. Na sha lalle baƙi da ja saboda bikin 'yar ƙawata, sai na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi ni. In ɗora ta yi ja, in sake ɗorawa ta yi ja. Ma'aikaciyar ta goge mini yatsu da auduga, ta danna su da hannunta ɗaya bayan ɗaya, layi ya taru a bayana, kafin da ƙyar abin ya karɓa. Ina wucewa wajen kaya sai wani ɗan kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Na yi baya ina salati, ina tattare mayafi kada ya taɓa ni. Ashe kilishina ya jiyo. Nama ba ya shiga ƙasarsu, don haka ina ji ina gani aka ɗauke ƙulli uku na kilishin da na yi wa tanadin sati biyu. Har yau ban yafe wa karen nan ba.

Jami'in kwastam da ke tare da karen ya ci gaba da bincike har ya kai ga zanin. Ya warware, ya ga tsumma fari da ja duk huji, ya ɗago ya dube ni. Ba ni da yaren da zan yi masa bayani. Sai na buɗe waya na nuna masa hoton Baba yana saurayi cikin fararen kayan sarki, na nuna tsumman, na ce "Baba." Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya naɗe tutar a hankali, ya fi ni iya naɗewa ma, ya miƙo mini da hannu biyu. A lokacin na ɗan ji wani abu, amma gajiya ta hana ni tsayawa a kai.

A waje ejan ɗina yana jirana, Malam Isufu, mutumin Damagaram. Shekaru muna magana a waya, muryarsa kamar ta ƙato, ashe ɗan siriri ne ko kafaɗata bai wuce ba. Ya daɗe a can, yana jin Sinanci kamar ya haɗiye su. "Bon, Hajiya, barka da sabka," ya ce, ya kai ni Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke sauka.

In kin rufe ido a Xiaobei sai ki rantse a kasuwar Kwari kike. Hausar Kano, ta Nijar, ta Gana, kowa yana waya yana maganar kwantena. In kin buɗe ido kuma ga dogayen benaye har wuyanki ya gaji. Ɗakina yana hawa na sha tara, ɗan ƙarami, taga ba ta buɗewa. Na nemi ruwan sanyi aka kawo mini butar ruwan zafi, don su ko ana zafi ruwan zafi suke sha. Sallar asuba ta farko kuwa na shimfiɗa darduma na dubi inda gari yake wayewa kamar yadda na saba tun ina yarinya. Sai da maƙwabciyata, Hajiya Ramatu 'yar Kumasi, ta leƙo da hantsi ta ga dardumar ta kama baki. "'Yar'uwa, kin ba Makka baya. A nan yamma ake duba." Na sake sallata ina jin haushin kaina.

Abinci ban wahala sosai ba. Akwai Musulmin China masu fararen huluna da suke jan taliya da hannu a gabanki, su zuba romon naman sa. Tsinke biyu suke ba mutum. Na nemi cokali mai yatsu aka ce "meyo", na yi ta kokawa, taliya tana sulluɓewa, wasu 'yan mata suna leƙena suna rufe baki. Rana ta uku Hajiya Ramatu ta tausaya mini ta kai ni wani gida a sama inda ake tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ci na yi hamdala kamar wadda ta shekara a daji.

Shiling a mota ake zuwa, wajen awa guda daga Xiaobei. Gari ne guda na jaka. Wannan layin zif kawai, wancan hannun jaka, na gaba fata. Cikin kwana huɗu na gama zaɓen kayana, Malam Isufu ya shirya lodi. Sai na tuna da saƙon Baba.

Mun sha "meyo" ranar nan har na haddace yadda suke kaɗa hannu in za su faɗa. Daga ƙarshe wani mai sayar da zif ya kwatanta mana wani ɗan wurin ɗinki a bayan layi, inda ake yin tutocin makarantu da kyallayen talla. Mai wurin mace ce, Madam Lin, gajeren gashi, tef a wuya, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta ɗaga shi wajen haske, ta shiga ciki ta fito da wani bandir. Ina taɓawa na san shi ne: mara nauyi, ɗan kaushi, iska tana ratsa shi.

Muka shimfiɗa tsumman a tebur. Ranar na fara kallonsa da idon basira. Farar tuta ce, jan layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sun raba ta gida huɗu. A gidaje biyun da ke wajen igiyar da ake ɗaga ta da ita akwai jan ƙwallo kamar faifai, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sauran gidaje biyun, ɗaya gara ta cinye, ɗaya kuma fari fat babu komai.

To, kun san ni. Idona na 'yar kasuwa ya ga abin bai daidaita ba, gefe ɗaya cike, gefe ɗaya fayau. Kuma na saba ganin taurari a kafaɗar sojoji, mai yawa shi ne babba. Ga shi mu Kanawa ko gero aka auna mana sai an yi gyara. Na ce a raina, tsohon nan ya yi mana komai, in zo har China in koma masa da ƙwallo biyu kacal?

"Malam Isufu, ka ce mata ta cika gidajen. Huɗu nake so. Babana ba ƙaramin mutum ba ne."

"Hajiya, ba irinta sak ya ce ba?"

"Irinta ce, an dai ƙara mata kyau."

"Bon, ke kika san babanki," ya ce, ya fassara. Madam Lin ta rubuta, ta ce mu dawo bayan kwana uku.

Muka dawo saura kwana biyu jirgina ya tashi. Tuta ta yi kyau, ƙwallaye huɗu ras, ɗinki kamar ba hannu ya yi ba. Ina cikin ɗaukarta hoto sai wani tsoho da ke zaune a lungu yana haɗa shayi ya taso. Ranar farko ban gan shi ba. Mahaifin Madam Lin ne, ya rankwafa, amma idonsa tar. Ya dubi sabuwar, ya dubi tsumman, ya kaɗa kai, ya ɗora yatsa a kan ƙwallayen da na ƙara ya faɗi wata magana.

"Kada ki damu, Hajiya," in ji Malam Isufu. "Mutanen nan ba su son lamba huɗu, camfinsu ne."

Tsohon ya gane ba a fahimce shi ba, sai ya ƙara magana da ƙarfi. Malam Isufu ya saurara, fuskarsa ta sauya. "A'a, ba camfi ba ne. Ya ce babu tuta irin wannan a duniya. Ya ce ba ta kowa ba ce."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Shi wa ya tambaye shi? Ya san babana ne?" Allah ya sa Malam Isufu bai fassara wannan ba.

Tsohon ya nuna mana kujeru, ya zuba mana shayi a 'yan kofuna kamar murfin kwalba. Malam Isufu ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, ya raɗa mini cewa haka ake godiyar shayi a garin, ni ma na ƙwanƙwasa ina cika ina batsewa. Tsohon ya shiga ciki ya ɗauko wani littafi da ya sha jiki, duk shafukansa hotunan tutoci. Ashe a tashar jiragen ruwa ta garin ya yi aiki har ya yi ritaya. Yana zaune a hasumiya da madubin hangen nesa, in jirgin baƙi ya doso, shi zai karanta tutocinsa ya sanar da wanda ke tafe.

Ya buɗe wani shafi, ya nuna tutoci uku a jere, Malam Isufu yana fassarawa. Ta farko jan layi biyu kawai, babu ƙwallo ko ɗaya: ta Admiral ce, babban su duka. Ta biyu ƙwallo ɗaya: ta Bayis Admiral, mai bi masa. Ta uku ƙwallo biyu, irin ta Baba: ta Riya Admiral, na uku. A tsarin Ingila ƙwallo ba ƙarin girma ba ne, ragi ne. Ya juya wani shafi ya nuna mini na Amurka, masu taurari, ya ce a can ne mai yawa yake babba.

Na ji kamar an watsa mini ruwa. Wato ni da na zo ƙara wa mutum girma, na sauke shi ƙasa da inda matakala ta ƙare. Amma taurin kaina bai bar ni ba. Na ce sai na ji daga bakin Baba. Ƙarfe uku na rana ne a can, takwas na safe a Kano. Na kira Sani, ya kai masa waya, na sa a lasifika.

"Baba, tutar nan, in aka ƙara mata ƙwallo biyu don ta daidaita, akwai laifi?"

 

"Uwata, ashe ranar nan ba ki ji ni ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce in saurara yanzu. Wannan karon na saurara, Malam Isufu yana juya wa tsohon maganar a hankali.

Ya ce a zamanin da jiragen yaƙi suke tafiya da iska, rundunar ruwa kashi uku take, gaba da tsakiya da baya, kowane kashi da hafsansa. Kowane babban jirgi kuma falwaya uku gare shi, wato dogayen sandunan da ake ɗaura wa yadin kama iska. Babban hafsa yana ɗaga tutarsa a falwayar tsakiya, wadda ta fi tsawo, na biyu a ta gaba, na uku a ta baya. Daga nesa kana ganin inda tuta take ka san wanda ke ciki. Da jiragen inji suka zo, falwayoyi suka ragu, babu wurin bambancewa, sai aka koma ga ƙwallo. Babba ya riƙe tutarsa yadda take, na ƙasa aka yi musu alama.

"Tutar nan ba ado ba ce," ya ce. "Magana ce. Cewa take yi wane yana cikin jirgin nan. Da ita ake sanin jirgin da zai fara gaisuwa, da ita ake sanin igwa nawa za a harba. Maigidana sha uku ake harba masa. In kin ƙara ko kin rage, kin yi masa ƙarya, ni ma kin yi mini."

Sannan ya ba da labarin da na sha ji ban taɓa saurara ba. Ranar da hafsan zai fara shiga jirgin, shi aka zaɓa ya ɗaga tutar. Ba a jan ta a buɗe. Naɗe ta ake yi tamau, a ɗaure da igiyarta, a ja ta har ƙololuwa tana dunƙule. Sai ƙafar mai ita ta taka jirgin, sannan a fizgi igiya sau ɗaya ta buɗe. In ɗaurin ya yi ƙarfi ta ƙi buɗewa, in ya yi sako-sako ta buɗe tun a hanya, kuma duk jiragen da ke tashar suna kallo.

"Ina da shekara goma sha tara, sanyi ya kashe mini yatsu. Wasu suna cewa me ya sa aka ba baƙon yaro. Na ce bismillahi na fizga. Ta buɗe, Uwata. Ta buɗe gaba ɗaya."

Ina zaune a bayan layin masu zif a Shiling, hawaye ya zubo mini. Kunya ce da alfahari a haɗe, kuma alfaharin ya fi yawa. Mutumin da muke yi wa dariya, ya fito daga lungunmu bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba, ya je ya tsaya a gaban rundunar wata ƙasa hannunsa bai yi rawa ba. Tsoho Lin da ya ji ƙarshen fassarar sai ya gyaɗa kai, ya kwaikwayi fizgar igiya da hannunsa, ya yi murmushi.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Za a sake."

Faɗin haka ya fi aikatawa sauƙi. Ƙwallayen ba a kan yadin aka ɗora su ba, yanke farin aka yi aka dasa su, don haka cirewa huji za ta bari. Sai dai sabuwa. Madam Lin ta kaɗa hannu: "Meyo, meyo." Ma'aikatanta gobe suke tafiya hutun bikinsu na kwanaki, kekunan ɗinkin duk suna kan aikin wata makaranta. Ta ce in bar adireshi ta aiko bayan hutu ta kago, cikin kayan jirgin ruwa. Na lissafa makonnin da hakan zai ci, na tuna maganar likita.

Ni da ban iya roƙo ba, ranar na roƙa. Na ce, "Lawban," na nuna idona, na nuna hoton Baba, na ce wa Malam Isufu ya gaya mata gaskiya: tsohon yana makancewa, in ta makara ba zai gan ta ba, kuma laifina ne ba nata ba. Ta tausaya, na gani a fuskarta, amma ta nuna tarin aikin da ke gabanta.

Tsohon ne ya yi mata magana, gajeriya. Ta amsa, ya sake faɗar kalma biyu ko uku, ta sakar masa. Na tambayi Malam Isufu me ya ce. "Ya ce ta ba shi keken lungu da almakashi. Ta ce bayansa yana ciwo. Ya ce bayansa ne." Kafin mu fita har ya cire rigarsa ta sama ya rataye, yana auna tsumman Baba da tef.

Allah ya taimake ni Shiling ba ta da nisa da filin jirgi. Ranar tafiya muka biya da hantsi, akwatunana a bayan mota. Muka tarar da shagon a rufe rabi, babu ma'aikaci ko ɗaya, sai tsohon a kan kujera a bakin ƙofa. Ya shimfiɗa mini ita a tebur. Ƙwallo biyu, a wajen igiya, sama da ƙasa. Har igiyar ya ɗinka da hannu, ya sa ɗan katakon maɗauri irin na tsohuwar, wanda ni ban ma lura da shi ba. Ya naɗe sabuwar da tsumman tare, ya miƙo mini da hannu biyu, ya faɗi wani abu.

"Ya ce ki gaya wa babanki, mai karantawa yana gaida mai ɗagawa."

Na ce "shiyeshiye" ya fi sau biyar, sannan na rusuna masa kamar yadda zan rusuna wa kawuna. A jirgi ban yarda tutar ta shiga cikin kaya ba, a cinyata ta yi tafiyar har Kano.

Tun ina hanya na sa Sani ya kafa dogon bututun ƙarfe a tsakar gida, ya sa masa igiya. Na gayyaci 'yan'uwa da maƙwabta, na sa an dafa shinkafa. Nufina Baba ya ɗaga tutarsa kowa ya gani, masu dariya su ji kunya, har da ni. Da azahar aka fito da shi, rana tsaka, aka zaunar da shi a kujera. Na isar masa da gaisuwar tsoho Lin, ya ce yana amsawa. Sannan na kama hannunsa na ɗora a kan igiyar bututun.

Ya janye hannunsa. "Wannan fa?"

"Don ka ɗaga ta, Baba."

"Ba a ɗaga ta sai mai ita yana wurin. Mai ita ya daɗe da rasuwa. Ni ba hafsa ba ne, Uwata, mai kula da tuta ne. Ban taɓa ɗaga ƙarya ba, ba zan fara a tsakar gidana ba."

Da a da ne da na yi fushi, ga bututu, ga shinkafa, ga jama'a. Amma wallahi ban taɓa jin girmansa kamar lokacin ba.

Ya ce in kama gefe ɗaya, Sani ya kama ɗaya, mu buɗe ta a gabansa daidai ƙirji. Muka buɗe. Ya miƙe tsaye, aka miƙo masa sanda ya ture. Ya fara shafa yadin, ya murza shi, ya gyaɗa kai. Ya bi igiyar da yatsu har ya kai ga ɗan katakon, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki." Ya lalubo ƙwallon sama ya ce ɗaya, ya lalubo na ƙasa ya ce biyu. Sannan ya kai tafinsa ɗaya gefen, ya shafa gidan sama lungu-lungu, ya shafa na ƙasa, ya daɗe yana nema bai sami komai ba.

Ya ja da baya taku uku, ya haɗe ƙafafunsa, ya miƙe bayansa yadda ban taɓa gani ba tun ina yarinya. Rana tana dukan farin yadin, jan ya fito sosai. Ya ƙura mata ido, ruwa yana bin kumatunsa.

"Ku riƙe ta haka," ya ce. "Kada ku motsa. Ina gani."

Muka riƙe har hannuwanmu suka sage, babu wanda ya sauke.